Karatu a Inuwar Masana'anta: Tushen Ilimin Halayyar Koyo da Hanyoyin Bincikensa a Sharaɗa, Challawa da Bompai

Tsakure

Maƙalar ta waiwayi wasu kalmomin tushe na ilimin halayyar koyo da koyarwa, wato koyo da girman hankali da basira da himma, sannan ta duba hanyoyin da ake bi wajen bincikensu. An ɗora bayanin a kan yaran unguwannin da ke kewaye da rukunonin masana'antu uku na Kano: Sharaɗa da Challawa da Bompai. Hujjar maƙalar ita ce, tambayar da mai bincike yake ɗauke da ita ce ya kamata ta zaɓa masa hanya, kuma jinginar da muka yi ga takardar tambayoyi ita kaɗai ta rufe mana ido daga abubuwan da suka fi taɓa karatun waɗannan yara, irin su ƙara da gajiya da talla da harshen da ake auna su da shi.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya saba duba kundayen kammala karatu a sassan ilimi na jami'o'inmu da kwalejojinmu ya san abin da zai tarar a babi na uku tun kafin ya buɗe. An ɗebi samfuri bisa jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, an raba takardar tambayoyi mai ma'aunin Likert, an lissafa alƙalamin Cronbach ya haura 0.7. Babu aibu a ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke damuna shi ne, sun zama tamkar riga ɗaya da ake sa wa kowace tambaya, ta dace da ita ko ba ta dace ba, har ɗalibi yakan zaɓi hanya kafin ya san me yake son ganowa.

Fagen da muke magana a kai ba tsoho ba ne sosai a sigarsa ta zamani. Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, William James ya buga laccocinsa ga malaman makaranta a 1899, Edward Thorndike kuma ya fitar da littafinsa mai ɗauke da sunan fagen a 1903. Amma tunani a kan yadda yaro yake koyo ya daɗe a zaurukanmu. Ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa sun san Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, Ibn Khaldun kuma ya yi bayani a Muƙaddima kan yadda tsananta wa ɗalibi yake kashe masa zuciya, ya koya masa ƙarya da ɓoye-ɓoye. Sabon abin da zamani ya kawo shi ne awo: a sa iƙirari a ma'auni, ta yadda wani zai iya maimaitawa ya gaskata ko ya ƙaryata.

2.0 Filin nazari

Bompai ce babbar yaya a rukunonin uku, tana arewa maso gabashin birni, a Ƙaramar Hukumar Nassarawa, tana maƙwabtaka da Dakata da Kawaji da Tudun Wada. Sharaɗa, mai kashi uku, da Challawa ta wajen Panshekara a Kumbotso, sun bunƙasa ne daga baya, a shekarun 1970 zuwa 1980. Masaƙu da kamfanonin robobi da na abinci da na mai sun zauna a Bompai da Sharaɗa, Challawa kuwa ta yi suna da manyan majemu na zamani. Ruwan da masana'antun Bompai ke fitarwa yana bin rafin Getsi ya haɗe da Jakara, na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, kuma masu lambu suna ban-ruwa da shi a hanya. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar lantarki da kwararowar kayan waje, kamfanoni da yawa sun rufe, musamman masaƙu, wasu harabobin sun koma rumbunan ajiya.

Gari kuma bai tsaya ba. Gidaje sun cim ma katangun kamfanoni, makarantun firamare da na Islamiyya da na allo sun tashi a tsakaninsu. Yaron da ke aji 4 a Ja'en ko Panshekara ko Dakata yana karatu ne da rurin janareta a kunnensa, da tireloli suna wucewa, wani lokaci da warin jima a hancinsa. Mahaifinsa na iya zama lebura mai aikin dare, ko wanda aka sallama ya koma tuƙa adaidaita-sahu. Ƙanwarsa kuma ƙila ita ke kai tallan abinci ƙofar kamfani lokacin tashin ma'aikata.

Baƙin manazarta sun riga mu shiga wannan fili. Paul Lubeck ya zauna da leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, littafinsa na 1986 ya nuna da yawansu ta hanyar almajirci da ci-rani suka iso kamfani. Enid Schildkrout ta bi yaran cikin birni a shekarun 1970 ɗin, ta bayyana yadda sana'ar matan kulle ta rataya a kan aike da tallan yara. Dukansu biyu sun yi zama na dogon lokaci a cikin mutane. Nazarinsu na zamantakewa ne. Ɓangaren da ya rage, wato abin da wannan rayuwa ke yi wa koyon yaro, namu ne, kuma Jami'ar Bayero da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso ba su da nisa da wurin.

3.0 Kalmomin tushe

Koyo, a ma'anar da aka fi yarda da ita, sauyi ne mai ɗorewa a hali ko sani wanda ya samu ta hanyar gogayya, ba ta girman jiki ko gajiya ko magani ba. Wannan togaciya ta ƙarshe tana da nauyi a filinmu. Yaron da ya kwana ba barci saboda zafi da ƙara, ya zo ya kasa amsa tambaya da safe, ba lalle ne bai koya ba. Tsakanin abin da aka koya da abin da aka iya nunawa a lokacin gwaji akwai tazara, kuma yawancin ma'aunanmu na biyun suke kamawa, mu kuwa mu rubuta sunan na farkon.

Mazhabobin bayanin koyo sanannu ne, ba zan tsawaita ba. Thorndike da Skinner sun ce halin da aka saka wa da daɗi yakan dawo. Albert Bandura ya nuna a 1961 cewa yara suna ɗaukar hali ta kallo kawai, abin da duk wanda ya ga yaron gareji yana riƙe da sifana kamar ubangidansa zai gaskata. Jean Piaget ya kasa girman tunani mataki huɗu. Lev Vygotsky kuma ya sa ido a kan ratar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi ya kama masa hannu. Makarantar allo ta daɗe tana aiki da wannan: gardi ne ke biya wa kolo, ana hawa daga babbaƙu zuwa farfaru, kuma kowa da inda allonsa ya tsaya, ba a jiran aji.

Inda nake son mu daɗe shi ne basira. Hausa ta rarrabe abubuwan da gwajin zamani yakan dunƙule. Akwai hadda, akwai fahimta, akwai wayo, akwai hankali. Ana iya cewa yaro yana da ƙwaƙwalwa amma ba shi da hankali, kowa kuma ya gane, domin hankali a wurinmu ya haɗa da sanin ya kamata da kamun kai a gaban manya. Gwajin da Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara a Faransa a 1905 an yi shi ne don gano yaran da ke bukatar ƙarin taimako a makarantun Paris, kuma jikokinsa har yau abin da makaranta irin ta Turai ke so suke aunawa. Idan mai bincike ya tambayi uba a Sharaɗa ko ɗansa yana da hankali, sannan ya jera amsar kusa da makin gwajin basira, ya haɗa abubuwa biyu mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya.

An gwada wannan a aikace. John Gay da Michael Cole, a aikinsu na 1967 a cikin al'ummar Kpelle ta Laberiya, sun tarar manoman da ba su yi boko ba sun fi Amurkawa masu ilimi iya kintatar yawan gwangwanin shinkafar da ke cikin kwano. A Recife ta Barazil, Carraher da abokan aikinta sun ruwaito a 1985 cewa yara masu talla suna warware kusan duk lissafin ciniki da ka, amma da aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda irin na aji, sai suka faɗi da yawa. Yarinyar da ke sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfani a Bompai, tana riƙe da bashin leburori goma a kanta har ranar albashi, tana ba da canji ba kuskure, ita ce wadda rijistar aji ta rubuta wa sifili a lissafi. Tambayar da ta dace da masanin halayyar koyo ita ce, me ya hana wancan sani tsallakowa cikin aji? Kiranta daƙiƙiya ba ya amsa komai, kuma zalunci ne.

Joseph Henrich da abokansa sun ja hankali a 2010 cewa kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fagen sun fito daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Ka'idojin da muke koyarwa a kan yaran wasu aka gina su. Wannan bai sa sun zama ƙarya ba, ya dai wajabta mana sake gwada su a gida.

Himma kuwa, masana sun raba ta biyu: wadda ke tasowa daga son abin, da wadda lada ko tsoro ke turawa. A unguwar da yaro ya ga yayansa mai digiri yana layin neman aikin wucin gadi a ƙofar kamfani tare da wanda bai gama firamare ba, darajar da yake ba takardar shaida abin bincike ce, kada mu ɗauka mun san ta.

4.0 Hanyoyin bincike

Kafin kowace hanya akwai matakin da ɗalibanmu suka fi tsallakewa, wato mayar da kalma abin aunawa. "Muhalli yana shafar karatu" magana ce da ba mai musu, ba kuma mai iya gwadawa. "Yaran ajin da tagarsa ke kallon titin tireloli suna karanta kalmomin Hausa kaɗan a minti ɗaya fiye da na ajin baya" hasashe ne da zai iya fitowa gaskiya ko ƙarya. Daga nan ake maganar sahihanci, wato ko ma'aunin abin da aka ce yana aunawa shi yake aunawa, da tabbaci, wato ko zai ba da sakamako iri ɗaya idan aka maimaita. Sikelin da aka taɓa yana iya ba da amsa ɗaya kullum, kuma kullum kuskure. Alƙalamin Cronbach daidaituwar tambayoyin da junansu yake nunawa, ba ya shaidar sahihanci.

4.1 Lura da hira

Gani ya kori ji. Mai bincike ya zauna a bayan aji da agogo, ya ƙirga sau nawa malama ta dakata har mota ta wuce, minti nawa suka tafi, yara nawa suka kifa kai kafin tara. Haɗarin lura kuwa daga masana'anta aka sa masa suna. A kamfanin Western Electric da ke Hawthorne kusa da Chicago, tsakanin 1924 da 1932, an yi jerin gwaje-gwajen da suka haifar da maganar tasirin Hawthorne, wato cewa mutane suna sauya hali idan sun san ana kallonsu. Kowannenmu ya san yadda makaranta ke zama ranar da aka ce baƙi za su zo. Maganinsa yawan zuwa, har a daina share aji dominka.

Hira tana da nata ƙa'idojin da littattafan waje ba su ambata ba. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, don haka binciken da ba mata a ayarinsa ya rasa iyaye mata gaba ɗaya. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, balle ta yabe shi a gaban baƙo. Wanda bai san alkunya ba zai rubuta cewa ba ta damu da karatunsa ba. Yaro mai tarbiyya kuma ba ya musa wa babba, "e, Malam" zai ce ko da bai yarda ba. Hannah Hoechner, da ta yi aiki da almajiran Kano, ta bi wata hanya: ta bar su suka shirya fim da kansu, Duniya Juyi Juyi, a 2011, suka faɗi abin da ba zai fito a hira ba.

4.2 Takardar tambayoyi

Tana da amfani idan ana son sanin yawan abu a cikin jama'a mai yawa, kuma masu amsawa suna iya karatu. Sharaɗin na biyu ne matsalar. Gwajin karatun farko da aka yi da Hausa a Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 ya nuna mafi yawan ɗaliban aji 2 da 3 da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta gajeren labari ba. Wanda ya miƙa wa ɗan firamare takarda da Turanci, ya ce ya zaɓa tsakanin "na yarda" da "na yarda ƙwarai", alamomi zai tattara, ba ra'ayi ba. Idan dole ne a yi ta, a fassara zuwa Hausa, wani daban ya mayar da ita Turanci a ga abin da ya ɓace, a gwada ta a kan yara kaɗan, sannan a karanta wa kowane yaro da baki. A kuma yi hattara da shekarun da ke rijista, domin da yawansu kintace ne, alhali duk kwatancen matakan Piaget a kan shekaru ya dogara.

4.3 Binciken alaƙa

Mu ɗauka an auna nisan makarantu ashirin daga majemun Challawa, aka ga na kusa sun fi ƙarancin maki. Ba a isa a ce jima ce sanadi ba. Haya ta fi araha a bakin magudanar kamfani, saboda haka masu ƙaramin ƙarfi ne ke tarewa a can. Ƙila malamai ma suna gudun a tura su can, ajin kuma ya fi cunkoso. Kowanne cikin waɗannan zai iya haifar da sakamakon shi kaɗai. Alaƙa tana nuna inda za a haƙa, ba ta yanke hukunci. Herbert Needleman, da ya danganta gubar dalma a haƙoran yara da raunin basira a 1979, sai da ya lissafa tasirin abubuwa da dama na gida da iyaye, duk da haka an yi shekaru ana jayayya kafin wasu bincike su tabbatar da maganarsa.

4.4 Gwaji da makamancinsa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Cikakken gwaji yana bukatar a raba yara rukuni biyu ta ƙuri'a, a yi wa ɗaya abin, a bar ɗaya. Ana iya yin haka da dabarar koyarwa. Ba a yi da ƙara ko guba, domin ba mai imanin da zai sa yara cikin cuta don ya auna. A nan ne tsare-tsaren da Campbell da Stanley suka fayyace a 1963 suke da amfani, inda rayuwa ce ta riga ta raba rukunonin, mai bincike ya zo ya kwatanta.

Misalai biyu sun dace da mu ƙwarai. A wata firamare a birnin New York, jirgin ƙasa yana wucewa ta gefe ɗaya na ginin. Arline Bronzaft da Dennis McCarthy sun ruwaito a 1975 cewa 'yan aji 6 na gefen jirgin sun kasance baya a karatu da kusan shekara guda idan aka kwatanta da na ɗaya gefen. Makaranta ɗaya ce, unguwa ɗaya, iyaye iri ɗaya. Da aka sa roba a layin dogon, aka gyara silin azuzuwan, binciken 1981 ya tarar bambancin ya gushe. A Munich kuma, da aka rufe tsohon filin jirgin sama aka buɗe sabo a 1992, Hygge da Evans da Bullinger sun bi yaran wuraren biyu kafin da bayan ƙaurar. Na kusa da tsohon filin karatunsu da riƙonsu suka inganta, na kusa da sabon suka ja baya.

Kano tana da irin waɗannan damammaki, muna wuce su kullum. Akwai makarantun da wani ajin ke jingine da titi ko katangar kamfani, wani kuma yana can ciki. Akwai kamfanonin da ke rufewa da waɗanda ke sake buɗewa. Akwai ranakun da lantarki ke samuwa janareta ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa ƙarar da ke cikin aji kada ta wuce desibel 35 lokacin darasi, kuma na'urar auna ƙara ba ta fi ƙarfin sashen jami'a ba.

Malamin aji shi ma mai bincike ne. Hanyar da Kurt Lewin ya shimfiɗa a shekarun 1940, a tsara, a aikata, a duba, a gyara, ba ta bukatar tallafin kowa. Malama na iya mayar da darasin karatu sa'ar da ƙara ta fi sauƙi, ko ta koyar da ragewa da kuɗin talla na tsawon mako huɗu, ta rubuta abin da ta gani kafin da bayan.

5.0 Haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu

Izinin hukumar ilimi da na hedimasta bai wadatar ba. A bi ta mai unguwa, a nemi yardar iyaye da baki, da Hausa, a kuma tambayi yaron kansa. A filinmu akwai wani tsoro na musamman: uban da abincinsa ke kamfani ba zai so a ji ɗansa ya ce hayaƙi ko ƙara na damunsa ba. Don haka kada suna ya fito, kada kuma bayanin ya yi dalla-dallar da za a gane gidan. Wanda zai kai ga auna jini, sai da likitoci da kwamitin ɗa'ar bincike, kuma sai ya tanadi inda zai tura yaron da aka samu da matsala. Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa ya nuna cewa awo ba tare da magani ba bai halatta ba.

Ga aikin da nake roƙon wani sashe a cikinmu ya ɗauka a zangon karatu mai zuwa. A zaɓi firamare shida, biyu daga kowane rukuni, kowacce mai aji na gefen ƙara da aji na ciki. A auna ƙara sau uku a rana na mako biyu. A gwada karatun Hausa da baki, yaro ɗaya-ɗaya, a farkon zango da ƙarshensa, a yi lissafin kuma sau biyu, a takarda da kuma ta sigar ciniki. Ɗalibai mata su shiga gidaje su ji lokacin kwanciyar yaro da sa'o'in tallansa da irin aikin mahaifinsa. Kafin a aika sakamakon kowace mujalla, a karanta shi da Hausa a taron iyaye da malamai na makarantun shida.